Gilashi na Arba'in da Bakwai

A Tartu, hunturu kan kore rana tun ƙarfe uku,
ya bar mu da fitilar ɗakin gwaji
da gunjin injin da ke zuƙe iska daga tulun ƙarfe.

Na wanke gilashin sau huɗu.
Piret ta ɗaga shi sama, ta ƙanƙance ido, ta ce in sake.
Na sake.
Mai farautar abin da ido ba ya gani
ba ya ƙosawa da wanki.

Sai muka ɗora ɗan gutsuren azurfa a wuta,
bai kai ƙwayar shinkafa ba.
Ya narke, ya yi tururi, ya tashi,
ya sauka kan gilashi kamar raɓa.
Da yayyafi kogi kan cika, in ji masu magana,
mu kuwa ba kogi muke so ba,
yayyafin kawai.

Da muka buɗe tulun, azurfa ta ƙi zama fara.
Rawaya ta fito, kamar zuma a bakin cokali.
Na tuna zoben kakata Leida,
wanda ya shekara sittin yana fari a yatsarta.
Ashe in ka farfasa abu ya yi ƙanƙanta sosai
har launinsa yakan sauya ra'ayi.

A madubin ƙara girma, ga su nan:
tsibirai, tsibirai,
kowane a zaune shi kaɗai, ba mai gaishe da wani.
Na tura musu lantarki, ya tsaya a bakin gaɓa.
Allurar ma'auni ko gezau.

Na arba'in da shida kuwa, kada ma a tuna.
Mako uku muka yi masa hidima,
ya wayi gari baƙi ƙirin.
Mun zargi injin, mun zargi ruwa, mun zargi juna,
sai ga tsoho Ülo a lungu
yana ɓare dafaffen ƙwai, hankalinsa kwance.
Warin nan ne azurfa ta shaƙa ta yi fushi.
Yanzu a matakala yake cin abincinsa,
yana gunaguni, rigar sanyi har kunne.

Daren Laraba na ƙara wa sabon gilashi tururi kaɗan,
daƙiƙa tara, ba ƙari.
Tsibiran suka yi ƙiba, suka miƙe,
wannan ya taɓa kafaɗar wancan,
wancan ya taɓa na gaba,
sai allura ta zabura.

Ban yi ihu ba. Ba kowa a ginin.
Na rubuta lambar a littafi, hannuna na rawa,
na goge, na sake rubutawa.

A waje kogin Emajõgi ya daskare daga gaɓa zuwa gaɓa.
Na ɗaga gilashin ta taga:
rawayar ta tafi, ya soma zama madubi.
Ga wata mace a ciki, gashi a hargitse,
ta manta ba ta ci komai ba tun safe.