Fadan da Ke Tsoron Teku

Ni ne Belarmino, mai shuɗin jirgin nan
da ke ɗaure a gaɓar Quenac.
Shekara talatin da ɗaya na yi ina ɗaukar Fada Evaristo,
yau kuma zan fasa ƙwan da na ɓoye wa kowa:
bawan Allahn nan tsoro yake ji na ruwa.

Ran da ya iso daga Santiago,
takalmi na sheƙi, tafin hannu kamar na jinjiri,
ko nisa da gaɓa ba mu yi ba
ya miƙa wa kifaye karin kumallonsa.
Na ce a raina, wata guda ya yi yawa, wannan mai komawa.

Bai koma ba.
Tsibiri bakwai, coci bakwai na katako,
shi kuwa yana kan buhun dankali, ido a rufe,
carbi a dama, bokiti a hagu,
har yau ina tambayar kaina wanne ya fi ƙanƙamewa.

Wa'azinsa gajere ne, muryar waƙarsa ta ɓata Ista.
Amma ran da muka ja gidan Nahuelquín da shanu
shi ne a gaba, laka har gwiwa,
igiya ta sale masa kafaɗa,
yana haki, yana zolayar tsofaffi da kasawa.

Wani dare aka aiko daga Apiao,
Doña Eduvigis na kan gargara.
Iska na tuge rufin kwano. Na ce ba ni zuwa.
Bai roƙe ni ba. Ya sauka gaɓa shi kaɗai,
ya hau kwance igiya, shi da bai san ta da inji ba.
Na bi shi ina zagi, yana amsawa da amin.
Ya shafa mata mai, ya ba ta guzurin ƙarshe,
ta ƙara shekara tara a duniya,
kullum tana yi masa gorin ya hana ta hutawa.

Da teku ta riƙe Aliro, ɗana na fari,
na jira ya zo min da aya in kore shi.
Ya zo da gatari.
Kwana uku yana faskare a bayan gida,
in yamma ta yi ya zauna kusa da murhu, ya yi shiru,
shirun da ya fi min kowace gaisuwa.

Shekara biyu ban taka Misa ba.
Ina kai shi bakin coci, in zauna a jirgi ina gyaran koma.
Bai taɓa cewa don me ba,
sai dai, Belarmino, bencinka na nan, ba ya gudu.
Akwai littafin da yake rubuta waɗanda ruwa ya ci.
Ran tuna matattu na tsaya a bakin taga,
na ji ya zo kan sunan yarona, murya ta sarƙe masa.
Ban san sa'ad da ƙafata ta yi shigowa.

Bishof ya ba shi coci a birni, kan busasshiyar ƙasa.
Ya ce, to wa zai riƙa ba matuƙina dariya?
Ya mayar da takardar da godiya da girmamawa.

Cikin sanyin Yuli ya tafi, a kan gadonsa.
Abin da ya bari: safa biyu ta ulu, rediyo marar murfi,
da littafin nan, gefensa duk gishiri.
Ni na ɗauki akwatin zuwa Caguach.
Teku ta kwanta luf kamar an zuba mata mai,
jirage goma sha tara na biye da mu, babu mai magana.
Na ce, Fada, ka ga yau ba ka yi amai ba.
Na juya in ji amsa, sai kukan tsuntsayen ruwa.

Sabon Fada yaro ne, ya iya iyo, ba ya jiri.
Ya tambaye ni amfanin tsohon bokitin nan
da ke ƙarƙashin benci, duk ya yi tsatsa.
Na ce masa ya bar shi inda yake.
Na tayar da inji, don Meulín na jira, kuma ruwa na hauhawa.