Jinyar Baƙuwa a Ikoyi

A jirgi ta zo, cikin kwali, an naɗe saiwarta da tsumma.
Madam Morenike ta ce, "Sallau, ga amana.
Can inda na gan ta, ƙanƙara na narkewa
sai ta sako jajayen furanni, suna reto kamar 'yan kunne."
Na ce to. Me ɗan aiki zai ce in ba to ba?

Na dasa ta a tukunyar ƙasa, gefen ɗakin janareta.
Wata biyu tana kallona, ina kallonta,
sai ruwan Yuni ya kece,
irin na Ikko, da ba ya sallama, ba ya ban kwana.
Iska ta yi nauyi kamar jiƙaƙƙen bargo.

Ran wata Talata na duba ganyenta:
fari fat, sai ka ce an barbaɗa mata garin alabo.
Fumfuna ce. Na san ta tun a kabewar babana a Rano.
Na juya bayan ganye, ga darɓa ta yi sansani,
kiyashi na hawa suna sauka, suna tatsar zaƙinta.
Na ƙasa kuwa sun yi ɗigo-ɗigon tsatsa,
suna zubowa tun kafin a taɓa su.

Ba na gaggawa da mara lafiya.
Na wasa almakashi, na tsoma shi a tafasasshen ruwa,
na datse reshen da ya mutu
da wanda ke shirin bin sa,
na buɗe mata tsakiya don iska ta ratsa.
Ganyen da ya zube ban bar shi a gindi ba,
na tattara na ƙone a bayan katanga.
Ciwo, in ka bar masa shimfiɗa, ya kwana.

Ilu mai goro na Agege ya samo mini ganyen darbejiya.
Na daka, na jiƙa kwana biyu, na ɗiga sabulun salo,
na fesa da yamma, bayan rana ta faɗa bayan gada.
Da na ɗaga ta, saiwa ta yi baƙi tana warin kwata.
Na huda gindin tukunya, na zuba tsakuwa da yashi,
na daina yi mata wanka ta ka.
Ruwa sai da asuba, a gindi,
kaɗan-kaɗan, kamar mai ba jinjiri.

Madam ta fito, waya a kunne:
"Yaushe za ta yi fure?"
Na ce, "Sanyi take jira, ranki ya daɗe,
irin wanda zai sa ta barci ta farka da ja.
Ikko ba ta da shi. Ko a Balogun ba a sayarwa."
Ta yi dariya, ta shige mota.

Yau damina biyu ke nan. Babu fure.
Amma jiya na ga toho uku, kore shar,
babu gari, babu ɗigo.
Na murza ganye ɗaya a yatsa,
wani ƙamshi mai kaifi ya tashi, na garin da ban taɓa zuwa ba.
Na tsuguna na daɗe a gabanta.
Shekarata goma sha ɗaya a gidan nan,
ban taɓa yi wa kaina tambayar Madam ba.
Na ja tukunyar zuwa inuwar mangwaro,
na tafi wanke mota.