Ƙarfe Tara a Ƙofar Marusa

Ƙarfe tara na dare nakan tsai da keken ɗinki,
in haɗiyi ƙwaya ɗaya da ruwan randa.
Shekara sha uku ke nan.

Yayana Sallau bai riski wannan ba.
Ya rame kamar sillen kara,
har kofinsa aka ware.

Ran Talata likita ta duba takardata,
ta ce cutar ta laɓe, na'ura ma ba ta ganinta.
Ɗiyata Barira, lafiya lau na haife ta,
ita ke zura mini zare a allura.

An ce masana na can suna haƙa.
Ba su cim ma ruwa ba tukuna,
amma ƙasar ta fara danshi.

Ni dai na ɗaura wa gugana igiya.