Ma'aunin Kasuwar Dole

Shekara talatin ina awo a Kasuwar Dole,
wake, gyaɗa, aya, wani lokacin kanwa.
Hannuna ya san tiya tun ido bai gani ba,
ban taɓa danna yatsa a gindin kwano ba.
Ku tambayi Birni, ku tambayi Zango.

Yau ga ni zaune, ni ake aunawa.
A'a, ba ni ba, Cima.
Amma wanda ya haifa ya san duk ɗaya ne.

Lauya ta ce za ta zama.
Tun ranar da aka ƙwace kurar Ɗan Tanin mai garuwa
a bakin famfon Garin Malam,
ta tsaya, ba ta kai ƙugun ɗan sanda ba,
ta ce masa, a ina aka rubuta?
Mutane suka yi dariya.
Kurar dai ta dawo.

An yi bak, ta samu,
sha ɗaya da 'yan kai cikin ashirin.
Mutari ɗan maƙwabcina sha biyar,
aka yi ta guɗa har Sabon Gari.
Na je barka da zuciya ɗaya,
yaron ya yi karatu, na sha ganin fitilarsa.

Muka haɗa dosiye,
takardar haihuwa, hoto huɗu, tambur,
sakamakon shekara uku na lise,
muka damƙa wa direban motar Tawa.

Mushe Laminu ya ce, can ba fuska ake dubawa ba.
Faransanci sau kaza, falsafa sau kaza,
a tara, a raba, a ja layi.
Na sama ya shiga, na ƙasa ya jira.

Na ce, Mushe, to ina gurbin da za a rubuta
cewa famfonmu ba ya kawo ruwa
sai ƙarfe biyun dare,
kuma ita ke layi, littafi bisa jarka?
Ina gurbin watan da uwarta ta kwanta asibiti,
ta zauna jarrabawar tarihi
da warin magani a mayafinta?
Ya ce akwai wasiƙa, shafi guda,
ana karantawa in lambobi sun yi kunnen doki.

Shafi guda.

Na koma rumfa ina huci,
sai ga tsohuwa daga Mirya da wakenta.
Tiya tara da rabi.
Ta ce, ɗana, mai da shi goma,
ka san bana ruwa ya ɗauke da wuri,
ka san gwiwa, ka san nisan hanya.
Na sani. Wallahi na sani.
Na ce, Iya, tara da rabi ne.
Baki ya faɗa kafin zuciya ta tare.

Na biya ta na tara da rabi,
sannan na zura hannu aljihu, na ba ta na mota.
Wannan daga gare ni ne,
ba daga kwano ba.

Daren nan na hau dutsen bayan gidanmu
na zauna har aka yi assalatu.
In aka ce a ɗora wahala a sikeli,
wa zai riƙe igiyar?
Ɗan mai hali ma zai kawo tasa,
a buge da inji, da hatimi.
Lamba ba ta da tausayi,
amma ba ta da kawu a Yamai.
Abin da ya tsai da Cima a ƙofa
shi zai hana a tsallake ta ranar da ta kai.
Duk da haka, jama'a,
kwano bai san ranar da aka sha a gona ba.

Laraba jerin ya zo ta waya.
Mutari na huɗu.
Cima cikin masu jira, ta goma sha bakwai.

Ta duba sau biyu, ta kife wayar,
ta ɗauki jarka, ta ɗauki littafi.
Na ce, 'yata, sai haƙuri, sun hana.
Ta juyo daga bakin zaure,
ta ce, Baba, a ina aka rubuta?