Arba'in da Bakwai

Ƙarfe takwas, Sharaɗa, kamfanin buhuna.
Injin saƙa na tari a bayan bango,
ni kuwa na ɗaga murfin laftof
na warware 'yar takardar da Lawandi ya rubuta min
da jan biro, tun bara kafin azumi:
ɗari da casa'in da biyu, ɗigo,
ɗari da sittin da takwas, ɗigo,
goma, ɗigo,
arba'in da bakwai.

"Wannan taki ce, Lantana, kafaffiya.
Kada ki bar akwati ya zaɓa miki.
Firinta ba ta san fuska ba, lamba ta sani,
uwar kwamfutar albashi kuwa ta fi ta taurin kai."
Kullum safiya da yatsa ɗaya nake shigarwa,
har takardar ta yi laushi kamar tsohuwar naira hamsin.

La'asar sakaliya, a daidaita sahu ta Kabuga,
jaka a cinya, hannu a kan zif,
sai Rijiyar Zaki, ɗaki biyu da baranda.
Akwatin sadarwa na kan firjin Uwale,
mu uku muke karo-karon kuɗinsa.
In na manta ban sauya ba
sai laftof ta tsaya zuru, baƙuwa da adireshin wani gari.
Sai in koma ciki, in goge lambar ofis,
in danna wurin da ke cewa: a ba ni duk wadda ta samu.
Jiya ɗari da huɗu.
Yau ɗari da tara, don ɗan Uwale ya riga ni da wayarsa.
Haya ce ta kwana ɗaya, gobe a sake rabo.

Na san haya.
Gwammaja, Kurna, ga mu nan yanzu,
shekara biyar, gida uku,
labulena ɗaya bai taɓa dacewa da taga biyu ba.
Babanmu shekara talatin a rumfa guda, layin 'yan kwano,
wasiƙa daga Gusau ba ta buƙatar sunan unguwa.

Ranar Talata, ƙarshen wata,
an kawo sabon sikeli mai magana da kwamfuta,
wanda ya haɗa shi bai tambayi kowa ba,
ya ɗauki arba'in da bakwai ya liƙa masa, ya karɓi kuɗinsa ya wuce.
Na shigar da tawa, allo ya ce: ku biyu ne.
Ni da sikeli, mun cije a ƙofa ɗaya,
ba mai shiga, ba mai fita.

Lawandi yana Bichi wurin suna,
muryarsa na tsinkewa cikin hayaniyar faranti:
"Saki... bari akwati ya ba ki wata."
Na saki. Ya ba ni ɗari da sha biyu.
Duniya ta buɗe, labarai, farashin dala, komai,
amma uwar albashi ta dube ni ta ce ba ta san ni ba.
Leburori talatin da shida a bakin taga,
Malam Ghali na gaba, hula a hannu, bai ce uffan ba.

Na cire takalmi mai tsini, na taka ƙasan sito,
na tsuguna bayan sikeli
na zare shuɗiyar wayarsa.
Na dawo: ɗigo, ɗigo, ɗigo, arba'in da bakwai.
Firinta ta yi gyaran murya.

Da dare, a baranda, wuta ta dawo.
Na goge lambar da na yi wa faɗa da rana,
na miƙa hannu.
Ɗari da shida.
Na ce to, na gode,
na ninke takardar Lawandi na mayar bayan katin shaida.