Shirun Ranar Farko

Da gatari biyu da zarton aro
suka tada ɗakin a gaɓar Delaware,
gungume kan gungume, laka a tsakani.
Ba ƙararrawa, ba mumbari,
ko gicciye ba su rataya ba.
Benci takwas, taga guda, ita ma ƙarama.

Keziah Thwaite ta san kuɗin wannan shiru.
A kurkukun York mijinta ya ƙare,
don ya ƙi rantsuwa, ya ƙi cire wa alƙali hula,
sai zazzaɓi ya yanke hukuncin da kotu ta ja.
Ta haye teku da irin kabeji ƙulle a ƙyalle.
Hunturun farko a rami ta yi shi, bakin kogi,
masarar mutanen Lenape ta riƙe mata rai.

Ranar Farko, haka suke ce wa Lahadi.
Maza a nan, mata a can,
kowa ya sunkuya yana jiran Haske ya motsa a ƙirji.
Shekara tara ba ta ce uffan ba.

Amma shiru yana da kunne.
Ta tsagar bango tari ya kutso,
busasshe, na ƙaramin ƙirji.
Yaron nan ne da Enos Garth ya saya
daga jirgin Barbados,
tsaye cikin ƙanƙara, linzami uku a hannu,
tsumma a ƙafa maimakon takalmi.

Gwiwa ce ta fara rawa, sannan haɓa,
rawar da ta sa 'yan gari
ke musu ba'a da Masu Makyarkyata.
Ta miƙe.

"Abokai, mun ce kowane ɗan Adam
da fitilar Ubangiji ya zo.
Ga ɗaya can mun bari a waje,
iska na neman kashe ta."

Ta zauna. Ba wanda ya tanka,
a ɗakin nan ba a mayar da magana.
Enos ya ƙura wa tafin hannunsa ido
kamar yau ya fara ganinsa.

A littafin taro magatakarda ya rubuta:
an ɗage batun sai wata mai zuwa.
Wata ya haifi wata, har furfura ta gama da ita.

Tun ranar dai ta koma bencin baya, kusa da ƙofa,
tana barinta a buɗe kamar faɗin tafi.
Sanyi na shiga, dattawa na gyaran murya.
Ita kuwa ta matsa gefe,
ta bar wurin zaman mutum ɗaya.