Babi Bakwai a Bakin Gada

Shagon cajin Lawali, bayan tsohuwar tashar jirgin Ƙaura,
nan muke haɗuwa ran Lahadi in la'asar ta yi sanyi,
kawuna huɗu a kan waya ɗaya mai tsagaggen gilashi,
muna bin zanen mutanen Japan
daga dama zuwa hagu, yadda kaka ke bin ajaminta.

Babi bakwai ke nan jagoran bai haye gadar ba.
Mako bakwai, data bakwai,
rundunarsa na zaune a bakin rami, iska na kaɗa musu riguna.

Sahabi ya buga cinya.
"Wanga ba shugaba ba ne, mai gadi ne!
An ba shi takobin da ke tsaga gajimare,
dodon ƙanƙara shina ƙetare shina lashe ƙauyuka,
shi ko ya duƙa yana ɗinke takalmin wani yaro.
Shafi goma sha huɗu a kan igiyar takalmi!
Wallahi furfura za ta riga shi hayewa."

Luba 'yar Poli ba ta ɗago kai ba.
Ta ce, "Ka taɓa ƙirga su?
Su arba'in da ɗaya suka baro gida,
jiya na sa yatsa na bi su ɗaya ɗaya, har mai ɗingishin,
arba'in da ɗaya.
Gwanin naka na littafi na uku, mai ihu da jan gashi,
da ɗari ya faɗa kogi,
ya fito da tuta, da doki, da kirari."

"Amma ya fito," in ji Sahabi.
"Shi kaɗai," in ji Luba.

Mainasara na ɓare gyaɗa, yana dariyar su duka.
Shi a wurinsa babu jagora, babu dodo,
akwai dai wani mai alƙalami can a ƙasarsu
da ya gane ran da suka haye tukunyarsa za ta sauka,
shi ya sa yake jan mu kamar danƙo a bakin yaro.

Ni ban ce uffan ba.
Na tuna direban da ya kashe mota a Gusau gab da magariba
ya ce nan za mu kwana.
Mun zage shi tas, har da ni, na kira shi matsoraci.
Da safe, a hanya, muka tarar da motar da ta wuce mu,
ƙofofi huɗu a buɗe,
takalmi ɗaya a kan kwalta.
Ban taɓa tambayar sunansa ba.

Duk da haka, kada in yi ƙarya,
ni ma na gaji da gadar nan.
Na san kowane katakonta, na san ƙusar da ta yi tsatsa.
Ina son in ga takobin ya fita daga kube ko sau ɗaya.

Sai ga sabon babi.
Sabis na rarrafe, hoto na sauka a hankali daga sama:
gajimare tukuna,
sai gashinsa,
sai idanun nan da ba sa barci,
sai gwiwa, sai ƙafa a ɗage
kamu ɗaya tsakaninta da katakon farko.
A ƙasa, ƙananan baƙaƙe: za a ci gaba.

Janareta ya yi tari ya mutu.
Lawali ya miƙo hannu cikin duhu, yana neman kuɗin caji.

Muka fito ta kan dogo, awaki na kwance inda jirgi ya daina zuwa.
Sahabi na rantsuwa shi da labarin nan har abada,
ya goge shi, ya yafe, ya huta.
Sai da muka kai kwanar gidansu ya waiwayo:
"Luba, yaron nan mai takalmi,
shi ne na arba'in da ɗaya?"